Takardar da Tela Ta Liƙa a Kicin

Shekara uku ke nan rabon Baba da ƙwai. Ba ƙwai kaɗai ba, har nama da kifi da madara da wake da gyaɗa, duk wani abin da ke sa mutum ya lashe yatsa bayan ya gama. Wadda ta hana shi kuwa ba bare ba ce, babbar 'yarsa ce, wadda duk layin ke kira Tela saboda shagon ɗinkinta da ke bakin titi, shi kuma yake ce mata Uwata. Da hannunta ta rubuta dokar a bayan kwalin wata tsohuwar kalanda, ta ja wa kowane abu layi biyu da jan biro, ta liƙa a bangon kicin daidai saman risho, inda ko Mama ta so yin mantuwa ba za ta samu hanya ba.

Ba don mugunta ta yi ba, wannan kowa ya shaida. Baba kafinta ne, irin masu ɗaukar ƙyauren katako su kaɗai su hau bene da shi. Ashe ciwon hanta ya daɗe yana cinsa a ɓoye, har hantar ta motse ta yi tauri. Ranar da abin ya fito fili, a shagonsa aka same shi zaune cikin garin katako, riga a baibai, yana kiran mahaifiyarsa da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Da aka kawo Mama ya dube ta ya tambaye ta ko kujera ta zo karɓa. Kwanansa huɗu a asibiti kafin ya dawo hayyacinsa. Likitan da ya duba shi ya ce hantar ce ta kasa tace jini, dattin ya hau kai, ya kuma yi maganar a rage masa nama da ƙwai. Tela ce a tsaye a wajen, don ita ce ta yi makaranta a gidan, ita ake turawa gaba duk inda za a yi magana da mai farar riga. Daga asibitin ta dawo ta rubuta takardarta.

Ta riƙe dokar nan fiye da yadda masu doka ke riƙe tasu. Abincin Baba ya koma farar shinkafa da dafaffen kabeji, ko taliya ba komai a kai, ko burodi da shayi baƙi wuluk. A watannin farko ya yi tawaye irin na manya. Wata safiya labari ya iske Tela a kan keken ɗinki cewa an ga Baba a teburin mai shayin kwanar layi, an soya masa ƙwai uku. Ko awon da ke wuyanta ba ta cire ba ta isa wajen. Ba ta ce wa Baba komai ba, ai ba a yi wa uba faɗa a titi. Mai shayin ta tasa a gaba, ta wanke shi tas a gaban masu sayen burodi, ta ce in mahaifinta ya sake rikicewa shi za ta nuna wa hukuma. Bawan Allah ya janye farantin. Baba ya tashi ya bi bayanta sumui-sumui, kuma tun daga ranar bai ƙara ba.

Abin da ya ƙara ɗaure dokar shi ne rikicewar ba ta sake dawowa da ƙarfi irin na farko ba. Baba na shan wani maganin ruwa mai zaƙi da asibiti suka ɗora shi a kai, mai sa shi zagayawa sau biyu ko uku a rana, amma babu wanda ya yaba wa maganin. Takarda aka yaba wa. In baƙi sun zo dubiya Baba da kansa yake nuna ƙofar kicin ya ce su shiga su ga likitan da ya fi na asibiti. Tela takan sunkuyar da kai kamar ba ta so, alhali daɗi take ji har cikin ranta.

Ita ce kuma ke gyara masa riguna, don haka ta fi kowa sanin abin da ke faruwa da jikinsa. Kafaɗar da take aunawa inci goma sha takwas ta dawo sha shida, daga baya sha biyar. Hannun riga sai ta rage, ciki kuwa sai ta buɗa, har ta kai tana ƙara ƙyalle a gefe da gefe saboda ruwan da ke taruwa masa. Ta ɗauka haka ciwon yake. A asibiti ma sikeli bai taɓa tona asiri ba, don abin da tsoka ta rasa ruwa ya cike gurbinsa. Likitocin suna da yawan jama'a, su taɓa ciki, su duba takardar gwaji, su tambaya ko yana cin abinci. Tela ta ce yana ci, sau uku ma kuwa. Ba ƙarya ta yi ba.

Sai a farkon shekara ta huɗu wani likita ya ga Baba ya kasa tashi daga kujera sai da ya dafa tebur da hannu biyu, ya tura su ɗakin ƙarshen baranda wajen likitar abinci. Mace ce gajeruwa mai tabarau, ɗakinta ba ya ɗaukar mutum huɗu sai an rufe ƙofa. Ta ɗauko awo irin na Tela sak ta zagaya damtsen Baba, ta rubuta. Ta miƙa masa wani ƙarfe mai agogo ta ce ya matse iya ƙarfinsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riƙe guduma ya matse har jijiyar wuyansa ta tashi, allurar ta ɗan motsa ta tsaya. Sannan ta tambayi abin da ya ci jiya.

Tela ta gyara zama ta zayyano, safe da rana da dare, har da abubuwan da ba a taɓa bari ya kusanta ba. Tana magana tana jiran yabo. Sai ta ga matar ta ajiye biro ta cire tabarau. Likitar ta ce wa Mama ta raka Baba a ɗebi jininsa su dawo, Tela ta tsaya.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce hanta mai lafiya tana ajiye wa jiki guzuri, wadda ta motse kuwa ba ta da wurin ajiya, don haka in abinci mai gina jiki bai shiga ba sai jikin ya juya ya riƙa cin tsokarsa. Ta ce mai irin wannan ciwo ya fi mai lafiya bukatar ƙwai da madara da wake, kuma tsokar da ake gani ba ado ba ce, ita ma tana taya hanta kwashe wannan dattin da ke hawa kai. Hana abinci mai gina jiki tsohon tunani ne, an daɗe da barinsa. Yadda Baba ya kai yanzu, in wani zazzaɓi mai ƙarfi ya zo, ba shi da abin da zai tare shi da shi.

"Wa ya ba ku wannan dokar?" in ji ta.

Tela ta ce likita ne, shekara uku da suka wuce. Tana faɗa tana jin muryar mutumin a kunnenta, tar, kamar jiya. Cewa ya yi a rage masa na kwana biyu, har ya farfaɗo. Ta ji shi sarai a lokacin. Ita ce ta tuna idon Baba yana kallon Mama bai san ta ba, ta ce a ranta kwana biyu ina zai isa, rigakafi ya fi magani. Ita ta mayar da ragewa hanawa, ta mayar da kwana biyu har abada, ta ƙara madara da wake da gyaɗa daga kanta. Wannan ɓangaren ba ta faɗa wa likitar ba. Garin neman gira ta rasa ido, kuma idon ba nata ba ne.

Da su Baba suka dawo, likitar ta jero tsari. Abinci kaɗan-kaɗan sau shida, kada ya wuce awa uku ciki ba komai, kuma lallai ya ci wani abu kafin ya kwanta. Gishiri ne kawai za a ci gaba da kiyayewa. Ta fito da kwali cike da 'yan ledojin farin gari, ta ce amino asid ne, wato tubalan da jiki ke gina tsoka da su, an riga an tace, hanta ba za ta sha wahalarsu ba. A dama a ruwa ko a madara, safe da kuma kafin barci. Su dawo bayan mako shida ta sake awo. Sannan ta juya wajen Baba da fara'a, don ta faranta masa.

"Baba, daga yau an ɗage maka doka. Ƙwai, madara, kifi, duk abin da ranka yake so a ba ka."

Baba ya dube ta ya yi godiya. Suka kama hanyar gida.

Tela ba ta ko buɗe shago ba ranar. Ta dafa ƙwai biyu, ta ɓare, ta yanka su gida huɗu-huɗu a faranti mai fure da ake ajiye wa baƙi, ta kai masa tsakar gida inda yake kishingiɗe. Ta zaci zai yi dariya, ko ya tsokane ta da zancen mai shayi. Ya kalli farantin ya kau da kai, ya ce ta kawo masa shinkafarsa.

Sai washegari Mama ta warware mata. Yayan Baba, wanda ya koya masa kafinta, shi ma doguwar jinya ya yi ana hana shi wannan ana hana shi wancan. Wata rana likita ya kira Baba gefe ya ce a daina takura masa, duk abin da ransa yake so a ba shi. Baba da kansa ya je ya sayo masa gasasshen nama, ya zauna yana kallonsa yana ci. Bayan kwana shida aka yi jana'izarsa. To jiya ya ji kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, bayan kuma an kore shi daga ɗaki an yi ƙus-ƙus da 'yarsa. Ya ce wa Mama ba yaro ba ne shi, ya san abin da ake nufi in aka buɗe wa majinyaci tukunya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake.

Daga nan aka shiga wani irin yaƙi mai ban haushi, don duk makamin da Tela ta ɗauko takardarta ce ta riga ta kashe shi. Ta ce masa ilimi ne ya ci gaba, ya ce ilimin bai ci gaba ba sai ranar da ya kasa tashi daga kujera? Ta cire takardar daga bango, ya lallaɓa kicin ya ga gurbinta fari fes a tsakiyar baƙin hayaƙi, ya tsaya a wajen yana haki har sai da Mama ta roƙe ta ta mayar. A ganinsa muddin takardar na nan, akwai wanda bai fid da rai da shi ba. Garin ledar kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Ya ce ya san irinsa, shi ake ba wanda ya daina cin abinci don a ɗan ja kwana.

Ta gwada dabara. Ta zuba rabin leda a shayinsa ta ƙara sukari. Garin yana da ɗaci mai maƙalewa a maƙogwaro, kuma harshen da ya shekara uku a kan shinkafa da kabeji ba abin da ke wuce shi. Kurɓa ɗaya ya ajiye kofin. Bai yi faɗa ba. Kwana biyu dai bai karɓi komai daga hannun kowa ba sai ruwa, shi ma sai ya ga an ɗebo a gabansa. A kwana biyun nan Tela ta ga ƙashin kumatunsa ya ƙara fitowa, ta rantse ba za ta sake ba.

Ta haɗiye girman kai ta je wajen mai shayi, wanda shekara uku ba sa ko gaisawa. Ta ba shi haƙuri a gaban mutane kamar yadda ta ci masa mutunci a gaban mutane, ta roƙe shi ya soya ƙwai uku irin yadda Baba ke so ya kai masa da kansa. Mutumin kirki ne, ya rufe teburinsa ya zo da faranti a lulluɓe. Baba ya yi murnar ganinsa, suka yi hira, suka yi dariyar ranar da aka ƙwace faranti. Da ya tashi tafiya Baba ya riƙe hannunsa ya nemi gafararsa, ya ce shi ma ya yafe masa duniya da lahira. Bayan fitarsa ya ce wa Mama ashe har an fara turo mutane sallama. Ƙwan ya huce a inda aka ajiye shi.

A mako na uku Tela ta mayar da shi wajen likitar abinci ba tare da ranarsu ta yi ba. Matar ta zauna ta yi masa bayani da zane a takarda, ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai. Ta ambaci saka siririn tiyo ta hanci a riƙa ba shi abinci, ya ce a bar shi ya tafi da hancinsa yadda Allah ya yi shi. A baranda ya ce wa Tela yarinyar tana da kirki, aikinsu ne su kwantar wa mutum da hankali. Damtsen ya ƙara raguwa. Likitar ta ja Tela gefe ta ce ita ta yi iya nata, maganar asibiti ba ta shiga kunnensa, mutum ɗaya ya yarda da shi a duniya. Ta ce, "Ke kika ɗaura, ke za ki kwance."

Tela ta san da me za ta kwance, kuma shi ne abin da take gudu tun ranar farko. Kwana tara tana ɗauke da maganar. Ta ɓata wa wata mata leshi, ta ɗinke aljihun wani wando ta ciki. Tsoro take ji ƙwarai, ba na faɗa ba, Baba bai iya faɗa ba. Tsoron ta ga ya lissafa shekara ukun nan a fuskarsa, shagon da ya rufe don ya kasa ɗaga katako, da duk ranar da ƙamshin miya ya tashi a gidan ya juya fuska bango.

Ranar wata Laraba bayan la'asar Mama ta shiga maƙwabta. Baba na zaune a tabarma ya jingina da bango, ƙafafunsa a kumbure, yana gyara wata 'yar kujerar katako da ya yi mako guda yana fama da ƙusa huɗu. Tela ta durƙusa a gabansa ta ce tana da magana. Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba. Likitan farko kwana biyu ya ce. Ragewa ya ce, ba hanawa ba. Madara da wake da gyaɗa ba su fito daga bakinsa ba sam. Ita ta ƙara, don tsoro, kuma don ta ji daɗin a ce ita ta sani. Ba ciwo kaɗai ya cinye masa hannu ba.

"Ni na sa maka yunwa, Baba. Shekara uku. Ba mutuwa za ka yi aka ce ka ci ba, rashin cin ne zai kashe ka."

Tana kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Baba ya ajiye gudumar a hankali ya dube ta. Ta jira. Sai ta ga bakinsa ya motsa, murmushi yake yi, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Uwata ke nan. Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba, kunnenki ke ba da ke. Yanzu don in ci ƙwai biyu za ki ɗora wa kanki kisan kai?"

Ta rantse masa da Allah. Ya ce ta daina rantsuwa a kan abin da ba haka ba, ba ya son ta ɗauki zunubi saboda shi. Ya ce yana kwance a gadon asibiti bai san ko sunan kansa ba, ita ta dawo da shi gida, ita ta tsare shi shekara uku ba a sake ɗaukarsa a rikice ba. Da takardar nan kuskure ce da tuni an manta da kabarinsa. Likitoci sun gaji, ya sani, ba ya kuma ganin laifinsu. Mama ma ta gaji. Amma ita kada ta bari su karya mata gwiwa, don shi bai karaya ba, yana nan a kan abin da ta ɗora shi, kuma in Allah ya so sai sun ba asibitin nan mamaki. Ya miƙo hannu ya dafa kanta, hannun ba nauyi.

Ta sake buɗe baki, ya ce ya isa haka. Ya tambaye ta ko akwai sauran shinkafa, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba, Mama ta dama masa wani abu da bai yarda da launinsa ba.

Tun safe. Tela ta duba inuwar katanga, ta kusa kai ƙofa. Awa tara ke nan jikinsa na cin kansa, ta san wannan yanzu, an zana mata a takarda. Ta tashi ta shiga kicin ta kunna risho. Kwalin ledojin na kan kantar kicin, an taɓa guda ɗaya kawai. Ƙwai shida na cikin kwano a gefensa. Ta wanke shinkafa ta ɗora, ta yanka kabeji, ta tsaya a kai har ya dahu. Baba ya leƙo daga inda yake zaune yana kallon hannunta, ta bar ƙofar a buɗe don ya ga ba ta ƙara komai ba.

Ta kawo masa. Ya ci cokali bakwai, ta ƙirga, ya ture farantin ya ce ya ƙoshi, rabon da ya ji daɗin abinci haka tun kafin a fara wannan rigimar. Ya share baki da bayan hannu.

"Ke kaɗai ce ba ki fid da rai da ni ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mini."

Ya tsaya yana jira, don ba a barin addu'ar uba a ƙasa. Tela ta ce amin.